Gwanintar Gina Gidan Zamani da Jar Ƙasa

A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40 kusan kullum, Sakkwato da Maiduguri da Damagaram kuwa ba su fi ta sauƙi ba. A irin wannan lokaci ake bambance gidan da aka zana da tunani da wanda aka kwaikwayo daga hoto. Shiga kowace sabuwar unguwa ta bayan gari, abu ɗaya za ka tarar: bangon bulo mai inci shida, rufin kwano, silin na roba, ga manyan tagogin gilashi sun fuskanci yamma. Gida ya yi kyau a ido, mai shi ya zuba dukiya, amma da an ɗauke wuta sai kowa ya naɗe tabarmarsa ya yi waje. Mai hali ya tada janareta, marar hali ya kwana yana fifita.

Akwai wasu masana zanen gine-gine a yankin Sahel da suka ce laifin na ginin ne tun kafin a kai ga kamfanin wuta. Sana'arsu ita ce zana gida na zamani sosai, mai bene da famfo da wayar lantarki da banɗaki a ciki, wanda zai rage wa kansa zafi ba tare da an taɓa makunni ba. Babban kayan aikinsu kuwa ƙasar nan ce da muke takawa. A cikinsu wadda aikinta ya fi kusa da mu ita ce Mariam Issoufou, 'yar Nijar, wadda aka haifa a 1979. Kwamfuta ta fara karanta, ta yi shekaru tana aikin rubuta manhaja a Amurka, sannan ta ajiye ta koma aji a Jami'ar Washington ta karanci zanen gine-gine. Ta gama a 2013, ta buɗe ofishinta da sunan atelier masōmī a Yamai a 2014, kuma tun 2022 farfesa ce a jami'ar ETH ta birnin Zurich.

Aikin da ya fara fito da sunanta shi ne rukunin gidajen Niamey 2000, wanda aka kammala a 2016. Su huɗu suka zana shi, ita da Yasaman Esmaili da Elizabeth Golden da Philip Sträter, a ƙarƙashin ƙungiyarsu united4design. Gidajen iyali ne guda shida, aikin gaba ɗaya murabba'in mita 1,700. Yamai gari ne da ke ta bazuwa, kowa burinsa ya sami fuloti ya kewaye shi da katanga, shi ya sa gari ke ƙara nisa, fili ke ƙara tsada. Sai suka waiwayi tsofaffin biranen yankin, Kano da Damagaram da Tumbuktu, inda gidaje ke jingine da juna, wannan ya yi wa wancan inuwa, soro kuma ya hau kan soro. Suka ɗauki wannan dabara, suka yi sama maimakon su baje, suka kuma tada bangon da tubalin ƙasa wanda bai ga wuta ba. A 2022 aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantance don kyautar Aga Khan, babbar kyautar gine-gine ta duniyar Musulmi.

Tubalin nan ya bambanta da na kakanninmu, wanda ake mulmulawa da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai, ya kuma bambanta da jan bulon da ake gasawa. Matse shi ake yi a inji. Wani injiniya ɗan ƙasar Chile, Raúl Ramírez, shi ya ƙera injin da ya yi suna, CINVA-Ram, a birnin Bogota na Kolombiya cikin shekarun 1950. Akwatin ƙarfe ne da murfi da dogon hannu da ake dannawa, ba ya shan mai, ba ya neman wuta, kuma maƙerin gari mai basira zai iya ƙera irinsa. Injin dai ba shi da wani sirri. Wuyar aikin tana ga sanin ƙasa.

Ƙasar sama, mai saiwoyi da taki, ta manomi ce, gefe ake ture ta. Sai an haƙa an tarar da jar ƙasa ko marmara sannan gwani zai tsuguna. Zai ɗebo ya jiƙa ta kaɗan ya shinshina, in ya ji warin ruɓaɓɓen ganye ya san da sauran haƙa. Zai murza ta tsakanin yatsu ya ji ko tana ƙaiƙayi ko tana santsi. Daga nan ya mulmula ta ta yi tsawo, kaurin babban yatsa ko fiye kaɗan, ya riƙa turo ta a hankali daga gefen tafin hannu har ta karye. In ta karye tun ba ta kai santimita 5 ba, yashi ya yi yawa. In ta zarce 15 tana lilo ba ta karye ba, yumɓu ne ya yi yawa. Akwai kuma gwajin kwalba, wanda ko yaro zai iya yi amma ba kowa ke iya karanta sakamakonsa ba: a zuba ƙasa a kwalba mai haske, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta nan take, laka mai laushi ta biyo baya, yumɓu kuwa sai ya kwana yana sauka. Kashegari kwalbar ta jera maka ƙasarka hawa-hawa, ka ga abin da ya yi yawa da abin da ya gaza.

Dalilin wannan bin diddigi shi ne kowanne da aikinsa a cikin tubali. Yashi da tsakuwa su ke ɗaukar nauyi, yumɓu shi ke riƙe su. In yumɓu ya rinjaya, tubali zai kumbura da ruwa ya tsuke da rani har ya tsattsage. In ya gaza, tubali zai riƙa zubar da gari duk inda aka taɓa shi. Saboda haka gwani yakan haɗa ƙasar rami biyu, ko ya ƙara yashi, har ya sami abin da yake so. Tsofaffin maginanmu ma haka suke karanta ƙasa, da hannu da tafin ƙafa, sun san kududdufin da birjinsa ke da kyau da wanda ba ya ginuwa. Abin da zamani ya ƙara musu shi ne awo, yadda tubali na dubu zai fito daidai da na farko.

In an gamsu da ƙasa, sai a shanya ta, a farfasa curarrakin, a tankaɗe da rariyar waya. Ana sa mata siminti kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, don ta jure ruwa. A busasshe ake fara juyawa, a yi ta juyawa har launin ya zama ɗaya, babu fari-fari ko'ina. Sannan a kawo ruwa, shi ma yayyafawa ake yi da butar ban ruwa, ba a kwarara shi. A nan ne sabon shiga ke faɗuwa, domin hannunsa ya saba da kwaɓin siminti mai ruwa-ruwa, alhali wannan damshi kawai yake so. Gwani zai dunƙula curi a hannu ya sake shi daga daidai ƙirji. In ya faɗi ya baje a dunƙule, ruwa ya yi yawa. In ya watse ya koma gari, ruwa bai isa ba. In ya rabu gida huɗu ko biyar, to an dace. Kuma ba a kwaɓa fiye da abin da za a matse cikin sa'a guda, don siminti ba ya jiran kowa.

Sai a cika akwatin da mudu ɗaya da ba ya canzawa, a rufe, mutum ya rataya a hannun injin da dukkan nauyinsa. Ƙasar da aka zuba a sake takan koma kaɗan fiye da rabin tsayinta. A juya hannun baya, tubali ya taso sama, kusurwoyinsa tsaf, tsawonsa wajen santimita 29 da rabi, faɗi 14, kauri 9. Da tafin hannu biyu ake ɗauke shi, ba da yatsu ba, domin a wannan lokaci ɗanye ne. 'Yan ƙwadago kaɗan da inji ɗaya sukan fitar da ɗaruruwa a wuni.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda aka fi yi wa ha'inci. Wannan tubali ba a shanya shi a rana. Jera shi ake yi a lulluɓe da leda, ana kiyaye damshinsa mako ɗaya zuwa biyu, sannan a bar shi ya bushe a inuwa har kwana 28 su cika. Siminti da ruwa yake ƙarfi, in rana ta shanye ruwan da wuri an yi asarar simintin. Sau da yawa in ka ji ana kukan tubalin inji ba shi da ƙarko, ka bincika, za ka tarar mai gaggawa ne ya ɗora shi a bango tun yana kwana biyar.

To me ya sa ake shan wannan wahala alhali ga bulo a bakin titi? Saboda halin bangon ne. Duk wadda ta yi girki da tukunyar ƙasa ta san tana daɗewa kafin ta ɗau zafi, in ta ɗauka kuma tana daɗewa kafin ta huce. Haka bangon ƙasa mai kauri yake. Wanda ya kai santimita 30 zuwa 40 yakan riƙe zafin rana sa'o'i takwas ko fiye kafin ya ratsa zuwa ciki, wato zafin azahar ba zai iso ɗaki ba sai dare ya yi. Bulo mai rami kuwa siriri ne, ba shi da jikin da zai riƙe komai, kafin la'asar ya miƙa maka duk abin da rana ta ba shi. Ƙasa kuma tana shan damshin ɗaki in ya yi yawa, ta mayar in iska ta bushe.

Sai dai zafin da bango ya sha bai ɓace ba, yana nan, da dare zai nemi hanyar fita. Wanda ya tsaya ga kaurin bango kawai ya yi rabin aiki, kuma ɗakinsa zai iya fin na bulo zafi da tsakar dare. Mai zanen da ya san aikinsa tun a takarda yake shirya wa zafin nan ƙofa. Iska mai zafi sama take yi, don haka yakan sa tagogi ƙasa-ƙasa a gefe ɗaya, ya buɗe ƙananan kafofi can kusa da rufi a ɗaya gefen, ya ɗaga rufin ya yi tsawo, wani lokaci ya mai da ramin matakalar bene hanyar da zafi zai bi ya fice. Gidan kuma yana da ƙa'idar zama: da rana a rufe tagogi, da dare a buɗe su duka, iskar asuba ta wanke bangon ya wayi gari a huce. Mu kuwa akasin haka muka saba, da tsakar rana muke wangale taga muna neman iska, sai mu shigo da wuta.

Kafin duk wannan akwai tambayar da ba ta cin ko kwabo, wato ina gidan zai fuskanta. A ƙasashenmu rana kusan ta tsakiyar ka take bi, shi ya sa bangon kudu da na arewa ba sa shan wuya, 'yar rumfa ko leɓen rufi ya ishe su inuwa. Gabas da yamma su ne abin tsoro, musamman yamma, inda ranar la'asar ke dukan bango kai tsaye bayan iska ta riga ta gasu. Saboda haka ake miƙe tsawon gida daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, a tura sito da banɗaki da matakala bangon yamma su tare wa ɗakunan kwana. Gwani ya kuma san cewa a daidai Kano ko Yamai, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana takan ɗan karkata arewa, don haka tagar arewa ma ba a barinta tsirara. Ya san hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ruwa ke duka. Ya san iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, ita ake buɗe wa hanya, hunturu da ƙurarsa kuwa daga arewa maso gabas.

Rufi shi ne inda mafi yawan zafi ke shigowa, kuma a nan sunan da za a ambata shi ne Francis Kéré na Burkina Faso. A makarantar firamare da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, bai yi faɗa da kwano ba, ɗaga shi ya yi. Ya yi wa azuzuwan silin na tubalin ƙasa, sannan ya ɗora kwanon can sama a kan ƙarafa, ya bar sarari tsakani. Kwano ya tare rana da ruwa, ya zarce bango sosai ya yi masa inuwa, iska kuma tana ratsa sararin tana kwashe zafi kafin ya sauko kan yara. Makarantar ta ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker. Dabarar ba ta fi ƙarfin kafinta da mai walda na unguwa ba.

Wani ɓangaren gwanintar ba a auna shi da ma'aunin zafi. Tsarin gidan da muke kwafowa an yi shi ne don wata irin rayuwa dabam. Ƙofa tana buɗewa kai tsaye cikin falo, baƙo ya shigo ya ga har ƙuryar gida. An yi ɗan kicin mai tayil a ciki, amma daka da hura gawayi da girkin suna duk a bayan gida ake yinsu, ƙarƙashin wata rumfar kwano da aka maƙala daga baya. Mai zane nagari tambaya yake fara yi kafin ya ja layi: ina baƙo zai tsaya, ina mata za su zauna da hantsi ba mai leƙensu, ina za a kwana da bazara? Daga amsoshin ne zaure ke dawowa ko da a sabuwar siffa, tsakar gida ta dawo ko da ƙarama ce, a yi baranda a saman bene a kewaye ta da tubalin da aka jera da 'yan kafofi, iska ta shiga ido bai shiga ba. Hatta kayan ɗaki sukan canza. Bango mai kauri yana ba da gurbin ajiye littattafai da kwanuka, ana iya gina dakalin zama a jikinsa, kuma tubalin da aka jera da kyau ba ya neman fulasta ko fenti, launinsa ya isa ado. Kafet mai gashi da tulin kujerun soso da labule hawa uku kuwa zafi da ƙura suke tarawa, gara kujerar katako da tabarma.

A Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa, aka ga yadda sabon ilimi da tsoho ke zama inuwa ɗaya. Tsohon masallacin garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da ya fara masallacin Yama a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Masallacin Dandaji ya tsufa ya lalace. Maimakon a rushe shi, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci mai cin mutum 1,000 a kusa da shi, aka kira wurin Hikma, aka gama a 2018. Abin da ya fi burge ni shi ne sun nemo maginan da suka yi aikin tsohon ginin suka sa su cikin aikin, su suka san jikinsa, su kuma suka ga sababbin dabarun kare ƙasa daga zaizaya. Yawancin kayan ginin daga nisan da bai kai kilomita 5 ba aka samo su, kankare kuwa an taƙaita shi ga ginshiƙai da kan ƙofofi da tagogi, inda ƙasa ba za ta iya ba. Mutanen da suka gaji Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya ɗaure bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ba baƙin lissafin nauyi ba ne, takarda ce kawai ba su rubuta shi a kai ba.

Ba za a ɓoye ba, ruwa abokin gabar ginin ƙasa ne, kuma kowace damina ana jin labarin gidajen da suka rufta. Amma in aka duba, galibi ko an gina su a hanyar ruwa, ko babu harsashin kirki, ko an bar yaɓe da indararo sun lalace. Ginin zamani yana tada harsashin dutse ko kankare ya ɗago sama da ƙasa kafin tubalin farko ya hau, a shimfiɗa abin da zai hana damshi hawa, rufi ya zarce bango, ruwan indararo ya zuba nesa da gindin gini. Kuskuren da ya yi yawa a garuruwanmu shi ne lafta fulastar siminti a kan tsohon bangon laka. Ba sa kama juna, damshi ya maƙale a tsakani, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana fulastar ta ɓalle gaba ɗaya.

Batun kuɗi ma gara a faɗi gaskiya. Siminti yana raguwa, amma ƙwadago yana ƙaruwa, bango mai kauri yana cin fili, birkilan da suka iya jera tubalin da ba za a rufe da fulasta ba kuma ba su da yawa, don kowane karkace a fili yake. Ba lallai ne gidan ya zo da araha ranar da aka gama shi ba. Ribar tana zuwa ne a kuɗin mai da na wuta shekara bayan shekara, da kuma cewa kuɗin ginin a hannun mutanen gari ya tsaya. Ga shi kuma sarrafa siminti shi kaɗai yana fitar da wajen kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Injin ma ba sai an yi odarsa daga waje ba, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irinsa. Babban cikas a ganina yana cikin zukatanmu. Mun ɗauki gidan ƙasa alamar talauci, har ya zama wanda Allah ya buɗa wa, aikinsa na farko shi ne ya rushe soron mahaifinsa ya kafa bulo, ya sayi zafi da kuɗinsa. Amfanin Niamey 2000 da Hikma shi ne gine-gine ne da mai kuɗi zai gani ya yi sha'awa.

Mai karatu, in kana da fuloti ba ka riga ka haƙa harsashi ba, ko da bulo ka yanke shawarar yin ginin, kada ka karɓi zane sai mai zanen ya nuna maka a takarda ina yamma take da abin da ya sa a bangonta, ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita, da abin da ke tsakanin kwano da kanka. In ya kasa amsawa, ka nemi wani.